Tsanin Kurket: Yaron Nepal, Yaron Kaduna, da Filayen Keffi

Duk wanda ya ratsa unguwannin Keffi bayan sallar la'asar, sa'ad da kaifin rana ya fara dushewa, ba zai rasa ganin taron yara a kowane sarari ba, sun kafa duwatsu biyu nan, biyu can, suna bin ƙwallon ƙafa guda, ƙura na tashi, kowannensu ya laƙaba wa kansa sunan wani gwani na Ingila ko na Sifen wanda bai taɓa gani ba sai a gidan kallo. In kuwa lokacin mangwaro ne, sai ka tarar da waɗansunsu a gindin bishiya, yaro ya ɗaga kai ya zaɓi nunanne guda a can ƙololuwa, ya saita, ya sake dutse, mangwaron ya faɗo, masu wucewa ba su ga kome a ciki ba sai ƙiriniya.

To, wannan hannu mai saiti da wannan ido mai auna nisa su ne jarin wani wasa wanda jama'a fiye da biliyan guda ke bibiya a duniya, wanda kuma Najeriya ta fara yin suna a cikinsa alhali yawancinmu ba mu san ana yi ba. Ranar 20 ga Janairu, 2025, a garin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19, a ƙarƙashin kyaftin ɗinsu Piety Lucky, suka ka da Niyu Zilan da maki biyu kacal a gasar cin kofin duniya ta kurket, wanda shi ne zuwansu na farko. Ƙasashen da suka san darajar wasan suka yi ta al'ajabi. A nan gida labarin ya zo a ƙarshen labarun wasanni, ya wuce.

Yadda wasan yake

Kafin a yi nisa, ya kamata a ɗan bayyana wasan, domin ba ya kyautuwa a yi wa mutum sharhin littafin da bai karanta matansa ba. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani ziri mai tsawon kamar mita 20, an kafa 'yan sanduna uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana neman ya ka da sandunan da ƙwallo mai tauri, mai bugu kuwa yana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda yana karewa, in ya doke ƙwallon ta yi nisa sai shi da abokinsa su yi ta gudu tsakanin ƙarshen biyu, kowane gudu maki ɗaya. Wanda aka ka da sandunansa, ko aka cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa, ya fita ke nan, sai na bayansa.

Asalin wasan na Ingila ne, kuma cikakkensa yakan ɗauki kwana biyar. Amma akwai na wuni guda, akwai kuma gajere wanda ake kira T20, inda kowane ɓangare ke samun jifa 120, a gama cikin kamar sa'a uku. Wannan gajeren shi ya buɗe wa ƙananan ƙasashe ƙofa, musamman tun daga farkon 2019, lokacin da hukumar kurket ta duniya, wato ICC, ta zartar cewa duk wasan T20 na maza tsakanin ƙasashe biyu da ke cikinta ana lissafa shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa, ko da Gambiya ce ta kara da Saliyo.

Yaron da ya sha gaban Tendulkar

Nepal ƙasa ce ta duwatsu, a matse tsakanin Indiya da Sin, mutanenta kamar miliyan talatin, talauci kuma ya sa dubban matasanta na fita ƙwadago ƙasashen Larabawa da Malesiya kowace shekara. Ingila ba ta taɓa mulkinta kai tsaye ba. 'Ya'yan gidan sarautar Rana ne suka shigo da kurket a matsayin shagalin masu hali, sa'an nan daga baya, ta hanyar maƙwabtaka da Indiya da rediyo da talabijin, wasan ya sauko daga fada ya shiga lungu, inda yara ke yinsa da ƙwallon tanis da guntun katako.

Daga cikin irin waɗannan yara Rohit Paudel ya fito. An haife shi a 2002, ya bi ta ƙungiyoyin matasa, kuma bai cika shekara goma sha shida ba aka sa shi cikin babbar tawagar ƙasarsa da ta je Windhoek, babban birnin Namibiya, a Fabrairun 2018, inda Nepal ta yi ta tsallake rijiya da baya, wasa bayan wasa, har ta sami gurbin zagaye na gaba. A watan Maris na wannan shekara, a Zimbabuwe, ƙasar ta sami matsayin buga wasannin wuni guda na ƙasa da ƙasa, a watan Agusta kuma yaron ya buga nasa na farko da Holan yana ɗan shekara goma sha biyar.

A Janairun 2019, a Dubai, ya ci maki 55 a kan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yana da shekara 16 da kwana 146, ya zama mafi ƙarancin shekaru cikin mazan da suka taɓa cin hamsin a wasan ƙasa da ƙasa, ya ture tarihin da Sachin Tendulkar na Indiya, wanda a can ake ambaton sunansa da girmamawa irin ta shaihunnai, ya riƙe shekaru kusan talatin. Abin da ya fi wannan ban sha'awa, a ganina, shi ne wanda ya karɓe kambun daga hannunsa shekara guda bayan haka, Kushal Malla, shi ma ɗan Nepal ne, wanda ke nuna gona ce ake nomawa, ba tsintuwa aka yi ba.

A ƙarshen 2022 aka naɗa Paudel kyaftin yana ɗan shekara ashirin. Cikin watannin farko na 2023 tawagarsa ta ci wasa goma sha ɗaya daga cikin goma sha biyu, a filin Jami'ar Tribhuvan da ke Kirtipur kuwa jama'a suka riƙa cika har waɗanda suka rasa wuri suka hau bishiyoyi. A wannan shekara suka kara da Indiya da Pakistan a gasar Asiya. A Yunin 2024, a gasar duniya ta T20, maki ɗaya tak ya raba su da Afirka ta Kudu. A Satumban 2025, a Sharja, suka doke tawagar tsibiran Karibiyan, wadda sau biyu tana ɗaukar kofin duniya na T20.

Kada a ɗauka tafiyar ta zo da sauƙi. Daga 2016 zuwa 2019 ICC ta dakatar da hukumar kurket ta Nepal saboda rigimar shugabanci da katsalandan na gwamnati, wato shekarun da yaran suka fara haskakawa su ne shekarun da manyansu ke shari'a a kan kujera. Sandeep Lamichhane, wanda ya riga Paudel suna, ya zama ɗan Nepal na farko da aka saya a babbar gasar kuɗi ta Indiya a 2018 yana ɗan shekara goma sha bakwai, shi kuma ya faɗa cikin tuhumar fyaɗe, kotu ta yanke masa ɗauri, sa'an nan kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a Mayun 2024. Ɗaukaka a ƙuruciya tana da nata fitintinu.

Namu na gida

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwanmu da mutanen Himalaya? Ruwanmu shi ne, shekara guda da wata ɗaya bayan Paudel ya taka filayen Windhoek, wani yaro da ya tashi a Kaduna, ya kuma koyi wasan yana ɗan makaranta a can, ya shiga wannan birni yana jagorantar 'yan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19. Sunansa Sylvester Okpe, gwanin jifa irin wadda ake murza ƙwallo da yatsu domin ta karkace in ta dira. A Maris ɗin 2019 tawagarsa, bisa horon Uthe Ogbimi, ta ci dukkan wasanninta, har da na Namibiya mai masauki da Kenya da Yuganda, waɗanda suka daɗe suna ganin Najeriya ba a bakin kome take ba a wannan fage, ta sami gurbin gasar duniya, abin da wata tawagar kurket ta ƙasar nan ba ta taɓa yi ba kafin nan.

Shugaban hukumar kurket ta Najeriya a lokacin kuwa malami ne na Zariya, Farfesa Yahaya Adam Ukwenya, likitan fiɗa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Na ambaci wannan ne domin masu zaton wasan na mutanen Ikko ne kawai.

Gaskiya ɗaya ce, gasar duniyar ta 2020 a Afirka ta Kudu ba ta yi wa yaran daɗi ba. An haɗa su da Ostareliya da Ingila da Karibiyan, a cikin wasannin uku kuwa babu wanda suka kai maki saba'in, domin yaron da ya saba bugu a kan siminti da tabarma, ranar da ya fara fuskantar ƙwallo mai gudun mota a kan ciyawar da aka gyara da ilmi, tilas ya koma ɗan koyo. Sun dai ka da Japan a wasan ƙarshe, suka zo na goma sha biyar cikin goma sha shida. Amma wanda ya auna al'amarin da wannan sakamako kaɗai ya yi gaggawar hukunci, gama Okpe ya riga ya shiga babbar tawaga tun 2019, ya je Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Oktoban wannan shekara lokacin da Najeriya ta maye gurbin Zimbabuwe a gasar share fage, daga baya kuma ya zama kyaftin ɗin ƙasa baki ɗaya. Abokinsa Peter Aho, a Oktoban 2021, ya fitar da mutum shida na Saliyo alhali maki biyar kawai aka ci a kansa, wanda a lokacin babu kamarsa a tarihin T20 na maza. A Nuwamban 2024 kuma tawagar, wadda 'yan ajin 2019 suka zama ƙashin bayanta, ta ci maki 271 a kan Kwaddibuwa, ta fitar da su duka a kan maki bakwai.

Silsilar da ta yanke

Abin takaici shi ne mun riga Nepal sanin wannan wasa da nisa. Tun 1904 mutanen Ikko suka kara da na Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A Arewa kuwa, Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta ɗauki wasanni a matsayin rukuni na tarbiyya, kuma sananne ne cewa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya buga kurket, ya kuma shahara a wasan nan na dukan ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda har yau ake yinsa a Katsina da Sakkwato da waɗansu garuruwa. Ashe kakanninmu da suka karɓi mulki daga hannun Turawa sun san riƙon wannan sanda.

Malamanmu na addini suna da wata ƙa'ida wadda ta dace da wannan zance, cewa ilmi ba ya tabbata sai da isnadi, wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Sana'ar hannu ma haka take, wasa ma haka. Ƙwallon ƙafa yaro na iya koyonsa da kallo, amma yadda ake miƙe gwiwar hannu wajen jifa, da yadda ake sa ƙafa wajen tare ƙwallo, sai an kama hannunka an nuna maka. Da malaman farko suka tafi, makarantun kwana suka cika suka batse, kuɗin kayan wasa ya ƙafe a shekarun tsuke bakin aljihu na 1980, sai silsilar ta yanke a yawancin garuruwa, ba ta saura ba sai a wurare ƙalilan irin su Kaduna, inda aka sami waɗansu masu naci suka riƙe filin da ke Dandalin Murtala. Daga wannan ragowa aka sami Okpe. A Jihar Edo, inda aka komar da wasan cikin makarantu da gaske, daga nan yawancin 'yan matan da suka ka da Niyu Zilan suka fito.

Ina Keffi a ciki?

Keffi gari ne na ilmi. Kwalejin Gwamnati da ke nan, wadda tarihinta ya faro daga 1949, tana cikin manyan makarantun da aka tsara bisa salon makarantun kwana na Ingila, ta kuma yaye mutane irin su marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi karatu a cikinta daga 1965 zuwa 1969. Ga jami'ar jiha da dubban ɗalibai, ga makarantun sakandare na gwamnati da na kuɗi ko'ina. Daga nan zuwa Abuja kuwa, inda hukumar kurket ke da filayenta a harabar babban filin wasa na ƙasa, bai wuce tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ba, in dai cunkoson Mararaba da Nyanya ya yi wa matafiyi rangwame. Yaron Nepal da ke ƙauyen kan dutse yakan wuni a mota kafin ya ga fili irin wannan.

Wani mai barkwanci zai ce garin da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ba yau ya fara ƙin kayan Turawa ba. Amma ƙwallon ƙafar da muka runguma ai daga Ingila ta zo, kurket kuwa ya daɗe da fita daga hannun masu shi. Yau cibiyarsa Indiya ce, Pakistan da Bangaladash kuma, ƙasashen Musulmi masu ɗimbin jama'a, ba su da wasan da ya kai shi. 'Yan Afganistan a sansanonin gudun hijira na Pakistan suka koye shi, ga shi a 2024 sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya.

Hujjojin masu ja

Masu shakka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko kuɗi. Sandar bugu ta ƙwarai, da hular kwano, da safar hannu, da abin kare ƙwauri, duk daga waje ake shigo da su, darajar naira kuwa kowa ya san halin da take ciki. Shugaban makarantar da rufin azuzuwansa ke yoyo, in ka zo masa da zancen hular kwano, yana da haƙƙin ya dube ka sau biyu.

Na biyu, iyaye na tambaya, wace riba? Ƙwallon ƙafa ko ba kome an ga waɗanda ta yi wa arziki, Ahmed Musa ya isa misali, a Lafiya ma ga Nasarawa United da Nasarawa Amazons suna biyan albashi. Kurket a ƙasar nan bai kai matsayin da matashi zai dogara gare shi ya riƙe gida ba, kuma duk wanda ya ce wa uba akasin haka ya yaudare shi. Na uku shi ne lokaci, domin yammacin yaro a gidajenmu na Islamiyya ne, uba kuma ba zai yarda a musanya masa hadda da guje-guje ba.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa matakin farko ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin kayan tsadan nan. A Karachi da Katmandu ƙwallon tanis ake naɗewa da tef ɗin masu gyaran lantarki, kafinta ya feƙe katako, a jingina bulo ko kwali a madadin sanduna, shi ke nan wasa ya kankama. Game da lokaci kuwa, gajeren wasa na yara ba ya wuce sa'a guda, ana iya yinsa a darasin motsa jiki ko safiyar Asabar, malamai kuma ba su hana wasan da ke ƙarfafa jiki ba matuƙar bai shagaltar da salla ba, bai kuma haɗu da caca ba. Akwai ma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wadda ni a wurina ta fi sauran nauyi: kurket da dogon wando da riga mai hannu ake yinsa, babu cakumar juna, babu gogayyar jiki, mace na iya sa ɗankwalinta ta yi jifa. Uban da ba zai taɓa barin 'yarsa ta sa gajeren wando ta shiga fili ba yana iya sake nazari a nan.

Ta wajen riba kuma, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ƙarancin masu takara. Yaron da ke mafarkin Super Eagles yana gogayya da miliyoyi, wanda ya iya jifar kurket kuwa da 'yan dubbai yake yi, shi ya sa ɗan shekara goma sha takwas ke iya sa rigar ƙasa ya shiga jirgi. Hukumar kurket ta Najeriya, wadda Uyi Akpata ya karɓi shugabancinta a 2021, ta sa wa kanta burin gabatar da wasan ga yara kimanin dubu ɗari biyu da hamsin kowace shekara, tana kuma shirya gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 17, maza da mata, wadda ake farawa daga shiyya-shiyya, daga cikinta ake tsamo masu wakiltar ƙasa. Sa'an nan kurket zai koma gasar Olamfik a Los Anjalas a 2028, bayan rabuwa tun 1900, wanda zai tilasta wa ma'aikatun wasanni su san da zamansa.

Ni dai ra'ayina, hujjar kuɗi ta fi ƙarfi a kan matakin sama, inda ake bukatar filin ciyawa da tafiye-tafiye da albashin mai horarwa, wannan kuwa nauyin hukumar ƙasa ne da ICC. Matakin ƙasa ba ya cin kome sai mutum guda mai himma wanda aka koya wa ƙa'idojin wasan cikin mako biyu ko uku, da shugaban makaranta da ya yarda ya ba shi kusurwar fili, da alkawarin cewa a ƙarshen zango za a kara da makarantar da ke maƙwabtaka, domin yaro ba ya jure horon da babu ranar gwaji a bayansa.

Saboda haka kira na ga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Keffi, waɗanda Allah Ya hore wa manyan mutane a kowane fanni, da sashen wasanni na jami'ar jiha, da ma'aikatar matasa da wasanni a Lafiya: a rubuta wa hukumar kurket a Abuja a nemi ta turo masu horarwa su koyar da malaman motsa jiki na makarantu biyar ko shida a cikin garin nan, a zuba ziri guda na siminti mai tsawon mita 20 a filin kwalejin, a sa ranar gasa ta farko kafin damina ta sauka.